Farin allo ko baƙi, wanne ya fi wa ido sauƙi?

Ka tambaya ko baƙin allo a waya ko kwamfuta ya fi hutar da ido. In da rana ne, ko dogon karatu za ka yi, bar shi fari da baƙin rubutu. Haske yana tsuke ƙwayar ido, sai haruffa su fito tas. A baƙin allo ƙwayar buɗewa take, shi ya sa mai larurar astigimatizim (rashin daidaiton lanƙwasar ido da ke sa gani dishi-dishi) yake ganin farin rubutu kamar ya yi naso.

Da dare cikin duhu kuwa, baƙin ya fi, amma zaɓi ruwan toka mai duhu, ba baƙi ƙirin ba.

Ka fi kula da ƙarfin haske: kara farar takarda kusa da allon, ka rage hasken har su yi daidai. Kowane minti 20 kuma, dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20.