Kotu na karɓar hoton hirar waya a matsayin hujja?

Ɗan'uwa, ka ce an damfare ka ta WhatsApp, kana tambaya ko hotunan hirar da ka ɗauka za su karɓu a kotu. Suna karɓuwa, amma da sharaɗi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 yana son takarda mai sa hannu da ta bayyana wayar da ta fitar da hoton, da cewa lafiyarta ƙalau a lokacin. A shari'ar Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta ƙi takardun da aka ciro daga intanet saboda rashin cika wannan sharaɗi.

Don Allah kada ka goge hirar, kada kuma ka kai wayar Banex, kasuwar wayoyi ta Abuja, ka sayar. Ni na fi yarda da bidiyon allo mai nuna lambar mutumin da kwanan wata, tunda hoto kowa na iya haɗa shi. Ka kai ƙorafinka ofishin hukumar EFCC da ke Jabi, Abuja.