Lofen ƙarfe mai kan itace: in ƙara zuba kuɗi ko in tsaya?

Wani ɗan uwa mai sana'ar gwanjo a Kano ya turo tambaya, ya ce a cikin tarkacen da aka sauke masa daga Ingila ya tsinci lofen shan taba kusan dozin guda, jikinsu ƙarfe kansu itace, yawanci an buga Falcon a jiki. Wani ya ce masa Turawa na tara su da tsada, shi ne yake son ya sa a haɗo masa katan guda.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma don Allah kar ka sa a haɗo katan ɗin nan tukuna.

Wannan Falcon ɗin wani injiniya Ba'amurke ne mai suna Kenly Bugg ya ƙirƙiro shi a 1936, daga baya aikin ya koma Ingila. Jikin alminiyam ne don ya sanyaya hayaƙi ya tare danshi, kan kuma ana murɗe shi a cire a ɗaura wani, saiwar wani itace ce da ake kira briar mai fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum irin su Italiya da Girka da Aljeriya, ba ta saurin cin wuta. To matsalar ita ce an ƙera su da yawan gaske kuma har yau ana yin sabbi, ka ga kenan tsufa kaɗai ba zai sa ya yi kuɗi ba, wanda ya ce maka da tsada wataƙila guda ɗaya ya gani mai wuyar samu ya ɗauka duk haka suke. Ka duba ko akwai wani lofen ƙarfen mai suna Kirsten a ciki, shi ma na 1936 ne, wani farfesa a Seattle, Frederick Kirsten, ya yi shi, yana da masu nemansa daban.

Sai maganar mai saye. Tsakani da Allah mutum nawa ka gani da lofe a baki a Kano cikin shekarar nan? Masu tara abin suna Amurka da Turai, a shafin cinikin intanet na eBay suke cinikinsu, kuma mutane ne masu ƙwaƙƙwafi, za su ce ka murɗe kan ka ɗauki hoton zaren mamurɗin, su ga ko ya cinye, su leƙa cikin itacen ko ya ƙone ya tsage, su duba bakin ko an tauna shi da haƙori. In ka lissafa kuɗin aikawa da kamashon eBay da wahalar shigo da kuɗinka gida, lofe ɗaya ɗaya sai ka ga ribar ta tafi a hanya. Kaya ne mai kwanciya, jarinka kuma na juyawa ne.

Waɗanda ke hannunka dai kar ka kai su ga mai wanki da soson ƙarfe, zai goge tambarin ya kashe kuɗin gaba ɗaya, tsumma mai laushi ya isa. In kan ya ƙi murɗuwa kar ka sa filaya. Ka haɗa su gaba ɗaya ka sayar a dunƙule, ko ka gwada masu kayan tarihi a kasuwar Kurmi, duk abin da ka samu riba ce tunda a tarkace suka zo.

Abu ɗaya kuma da ba zan ɓoye maka ba, kar ka yarda ka tallata su da cewa ƙarfen na tace cuta, ba ya hana sankarar baki ko ta maƙogwaro. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana tallan taba da kuma sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, malamai da yawa kuma suna da magana mai nauyi kan taba, ka samu malaminka ka ji tasa kafin ka sa ko kwabo.