Allurar rage ƙiba ga wadda ba ta da ƙiba: amsoshin tambayoyinku

Saƙonnin da suka fi yawa a wannan makon duk a kan abu ɗaya suke, wato allurar nan ta rage ƙiba da ake ta tallatawa a waya. Na zaɓi huɗu daga ciki, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Saura mako goma bikina

"Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce a Mabera, shekarata 24, saura mako goma bikina. Nauyina kilo 62, tsawona mita 1.63. Ba wanda ke kirana mai ƙiba, amma in na saka rigar da aka ɗinka mani ta ranar dina sai in ga ɗan tumbi ya fito, damatsana ma sun cika hannun rigar. Ƙawata ta haɗa ni da wata mata a Instagram mai sayar da allurar Ozempic. Ta ce in na yi guda huɗu zan zubar da kilo bakwai, kuma za ta saka mani a motar Abuja. Kuɗin da ta faɗa ya fi albashina na wata. In saya?"

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kada ki saya. Zan faɗa miki dalili dalla-dalla, don na san in na tsaya a "kada" kawai, ƙawar taki za ta fi ni baki.

Mu fara da jikinki. Likitoci suna da wani lissafi da ake kira BMI: a ninka tsawon mutum da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da ya fito. Naki ya kama 23 da ɗoriya kaɗan. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai. Ke nan babu abin da za a yi wa magani a jikinki.

Ita kuwa wannan allura, maganin masu lalura ce. Sinadarin da ke cikinta sunansa semaglutide, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmark ke yin sa. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Ozempic don masu ciwon suga. A 2021 aka fito da shi da wani suna, Wegovy, don rage ƙiba, amma da sharaɗi: sai wanda BMI ɗinsa ya kai 30, ko wanda ya kai 27 kuma yana fama da irin su hawan jini ko suga. Babban gwajin da aka yi kafin amincewar, mutum 1,961 aka saka a ciki, kuma duk a cikin wannan rukuni suke. Ba a gwada shi a kan mai kilo 62 da ke son rigar dina ta zauna mata ba. Mai ƙiba da hawan jini in ya jure wahalar maganin, zuciyarsa da gwiwoyinsa ne ke cin riba. Ke wahalar za ki ɗauka, ribar kuma babu inda za ta sauka.

Kuma wahala ce ta gaske. Aikin maganin shi ne ya kwaikwayi wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, sannan ya sa abinci ya daɗe a ciki bai wuce ba. Shi ya sa tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida suke yawa ga masu yin ta. Don rage wannan ne likita ke farawa da ɗan kaɗan, 0.25 na miligiram sau ɗaya a mako, yana ƙarawa duk bayan mako huɗu, ba a kai wa cikakken awo sai bayan mako 16. Kashi 15 cikin 100 na nauyi da ake ta yayatawa cewa mutane sun zubar, a cikin mako 68 suka zubar da shi, fiye da shekara ke nan. To ki lissafa mako gomanki. Ranar kamu da ranar ɗaurin aure za su same ki a daidai tsakiyar lokacin da ake ƙara awo, lokacin da cikin ya fi birkicewa. Ga zafin Sakkwato, ga zirga-zirgar biki, ga amarya ba ta iya riƙe ko ruwan fura a ciki. Amai da gudawa in suka haɗu da rashin shan ruwa, ƙoda suke taɓawa.

Amma abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne wanda mai tallar ba za ta taɓa gaya miki ba. Aure za ki yi. Ba wanda ya san watan da Allah zai kawo rabo, wata a watan farko take samu. Wannan magani yana daɗewa a jiki makonni bayan allurar ƙarshe, kuma kamfanin da kansa ya rubuta a takardar maganin cewa mace ta daina shi aƙalla wata biyu kafin ta nemi ciki, saboda gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna yana iya cutar da ɗan tayi. In kin yi allura har zuwa makon biki, da shi a jininki za ki shiga ɗakin miji. Ni dai ba zan yarda 'yar da na haifa ta yi wannan cacar ba, ke ma ban yarda ba.

Sai maganar motar Abuja. Wannan allura a firij ake ajiye ta, a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ko bayan an fara amfani da ita ba a son zafi ya haura digiri 30. Ki tuna yadda but ɗin mota yake a watan Afrilu, a tafiyar yini guda, ta Gusau ko ta Kontagora, garin nan kuma yana haura digiri 40. Ko ta gaske ce, ba ki da tabbacin abin da zai iso hannunki. Balle jabunta ya yi yawa. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi bayan an kama jabun Ozempic a Birazil da Birtaniya da Amurka. A ƙasar Ostiriya kuma, a 2023, an kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi wa kansu allurar jabu, sugansu ya faɗi warwas, domin insulin aka ɗura a ciki. In ƙasashen da ke da tsauraran matakai sun sha wannan, me za ki ce da kwalin da yaron mota zai miƙo miki a tasha?

Yanzu ga abin da zan yi da ni ce ke. Bara na raka 'yar ƙanwata wurin tela ana saura kwana tara bikinta, tana hawaye wai riga ta matse ta. Telar ba ta ce komai ba. Ta juya rigar ciki ya koma waje, ta nuna mata yadin da ta bari a ninke a gefe da gefe, ta ɗauki reza ta farke ɗinkin, ta saki inci ɗaya kowane ɓangare, ta sake bi da keke. Ko minti arba'in ba mu yi ba. Da yarinyar ta sake sakawa, tumbin da take kuka da shi babu shi, ashe matsi ne ya turo shi. Ki koma wurin telarki tun yanzu. In kuma kina son jikinki ya yi miki sauƙi, ki ajiye lemun kwalba, ki rage sugan shayi da na fura, ki ci tuwon dare da wuri, ki riƙa tafiyar rabin awa bayan sallar asuba kafin rana ta fito. Kuɗin allurar kuma ki ƙara a kayan kicin.

Ragowar allurar Inna

"Hajiya barka da aiki. Matata ta haihu wata huɗu da suka wuce, tana shayarwa. Ta matsa sai ta koma yadda take kafin ciki, alhali ni ban ce ta yi mani ƙiba ba. Mahaifiyarta na da suga, likita ya saka ta a kan irin wannan allura, shi ne take son ta riƙa ɗiba daga tata. Ni magidanci ne a Arkilla."

Malam, Allah ya raya abin da aka samu. Ka yi daidai da ka tambaya kafin a taɓa. Mai shayarwa ba ta yin wannan allura da ra'ayin kanta. Nono daga abin da uwa ta ci yake samuwa, maganin kuma cin abincin yake kashewa. Na biyu, alƙalamin allura, wato abin da maganin ke zuwa a cikinsa mai kama da biro, na mutum ɗaya ne, ko da an canja tsinin ba a haɗa shi da kowa, domin jini kan iya komawa ciki a ɗauki cuta. Na uku, duk abin da ta ɗiba, daga maganin sugan Inna ta rage, ita kuma ba don ado aka rubuta mata ba.

Wata huɗu bayan haihuwa jiki bai gama komawa ba. Kuma ka ce ba ka ce ta yi maka ƙiba ba. To ka taɓa ce mata ta yi maka kyau a yadda take? Ka faɗa da bakinka, ba sau ɗaya ba. Sau da yawa maganar dangi a gidan suna ce ke tsaya wa mace a rai, kalmar miji ce kuma ke cire ta.

Ni fa ƙibar gaske gare ni

"Anti, ni nauyina kilo 104, tsawona mita 1.68, shekarata 41, ina shan maganin hawan jini, gwiwoyina ba sa bari in yi sujada da kyau. Ni ma haramun ne a gare ni?"

A'a ƙanwata, ke kam irinku aka yi wa maganin. Lissafinki ya kusa 37, ga hawan jini a kai. Amma ta hannun likita za ki bi. Ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ki nemi ganin likitan da ke duba masu suga, a auna jininki da ƙodarki. Ki gaya masa in kin taɓa kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, ko tsakuwar matsarmama, ko kuma akwai wanda ya yi kansar tayirod ta maƙogwaro a danginku, don waɗannan suna iya hana a ba ki. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ma ki faɗa, domin wata allurar irin wannan, Mounjaro ta kamfanin Eli Lilly, tana iya rage mata ƙarfi.

Ki shiga da idonki a buɗe ta fuskar aljihu. Ba magani ba ne na wata biyu a huta. Waɗanda aka bi sawunsu bayan sun daina, a cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo. Ki zauna da maigida ku lissafa ko za ku iya ɗaukar kuɗin wata bayan wata, da kuma inda za a ajiye shi in an ɗauke wuta kwana biyu. Sannan ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka, don haka ki riƙe wake, ƙwai, kifi da nono, ki kuma riƙa motsa jiki gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. Ki saya a babban kantin magani mai rajista, da takardar likita a hannu. In aka fara kika ji ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa har baya, ki koma asibiti a ranar.

Shayin rage tumbi fa?

"Anti, tunda allura ta fi ƙarfina, shayin rage tumbi da ake sayarwa a WhatsApp fa? Ni ma ba ni da ƙiba, siririya nake son zama."

Ɗiyata, yawancin irin wannan shayi gudawa yake sawa ko yawan fitsari. Ruwan jikinki ke fita, sikeli ya nuna kin ragu, ki sha ruwa kwana biyu ya dawo. Wanda ya fi muni, a ƙasashe da dama an sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Saƙonki ya tuna mani da zamanin da 'yan mata a garin nan suke rububin "sha ka fashe" don su yi ƙiba kafin aure, har yau ma ba a daina ba. Na ga wata maƙwabciyarmu da ta sha irin waɗannan ƙwayoyi wata uku. Fuskarta ta kumbura ta yi zagaye kamar faifai, ƙafafun suna nan sirara, fatar cikinta ta tsattsage, daga baya aka auna aka ce suga ya kama ta, ba ta kai shekara talatin ba. Lafiyarta ƙalau kafin ta fara.

In kina son ki san ko tumbinki abin damuwa ne, ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai saman cibiya. In bai kai rabin tsawonki ba, babu matsala. In ya haura, ki rubuto mani da awon da kuma abin da kike ci daga safe zuwa dare, mu duba tare.