Tambaya da Amsa: Duk lissafin shagona yana cikin laftof ɗaya

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sarin shadda da atamfa. Duk lissafin kaya da sunayen waɗanda nake bi bashi suna cikin laftof ɗaya da yarona yake riƙewa, kullum yana kwafa a filash amma filash ɗin a jikin laftof ɗin yake kwana. Maƙwabcina ya ce wai hakan bai isa ba, ya abin yake? Daga Alhaji M., Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, wallahi maƙwabcinka ya faɗa maka gaskiya. Filash ɗin da ke maƙale a jikin laftof ai jirgi ɗaya ne ya kwaso su, ɓarawo in ya zo tare zai ɗauke, gobara kuwa, Allah ya kiyaye, ka tuna ta kasuwar Sabon Gari a 2016, ba ta tambayar wanne ne kwafi. Ga kuma irin bairos ɗin nan da ke kulle fayil ya ce sai an biya kuɗin fansa, duk abin da ya tarar a jone da kwamfutar haɗawa yake ya kulle.

Bari in ba ka labarin Maersk, kamfanin jiragen ruwan da kwantenoninsa ke kawo kaya Apapa. A watan Yunin 2017 bairos mai suna NotPetya da ya taso daga Yukiren ya lalata musu kwamfutoci a duk duniya, sai da suka sake loda wajen kwamfuta 45,000 da saba (manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan kamfani) 4,000, asarar ta kai kusan dala miliyan 300. Kuma ka san me ya cece su? Wata saba a ofishinsu na Gana da aka ɗauke wa wuta kafin abin ya iso, ita kaɗai ta tsira da bayanan da ake buƙata don tayar da sauran. Wato ɗauke wutar da muke tsinewa kullum ita ta yi musu rana, amma fa kai kar ka zauna jiran irin wannan sa'ar.

Abin yi shi ne kwafi uku: na laftof, na filash ko had-dis (babbar ma'ajiyar bayanai da ake jonawa da kwamfuta) da za a zare bayan an tashi kasuwa ka tafi da shi gida a aljihunka, sai na intanet, Google Drive na ba da 15GB kyauta wanda ya ishi lissafin shago har da saura. Imel ɗin da za a buɗe Google Drive ɗin da shi kuma ya zama naka ba na yaron ba, ka sa masa tabbacin mataki biyu da lambar wayarka, wato bayan kalmar sirri sai an sa lambar da za a turo maka a waya kafin a shiga, don yau da gobe sai Allah, yaro na iya barin aiki.

Sannan wata Juma'a bayan masallaci ka ari kwamfutar wani ka ce yaron ya buɗe maka jerin masu bashin daga kwafin, kana tsaye a kansa, ka duba ko cinikin jiya ya shiga.