Na roƙi Allah gafara a ɓoye, dole ne in faɗa wa wanda na cuta?

Tambaya: Shekara uku ke nan wani abokina ya ba ni ajiyar kuɗi, na kashe su, da ya zo karɓa kuma na ce masa an sace. Na sha durƙusawa ina roƙon Allah gafara, amma duk ranar da muka haɗu a wurin sujada sai gabana ya faɗi. Shin furta zunubi ga Allah kaɗai bai wadatar ba?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan faɗuwar gaba tana nuna cewa lamirinka yana da rai, kuma ina roƙonka kada ka nemi hanyar rufe masa baki.

Alkawarin da ke cikin 1 Yohanna 1:9 tabbatacce ne: idan muka furta zunubanmu, Allah mai aminci ne kuma mai adalci, zai gafarta mana ya tsarkake mu. Tushen wannan gafara shi ne mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye, babu wani aiki naka da zai iya sayenta. Sai dai kalmar Helenanci da aka fassara da furtawa a wannan aya tana nufin mutum ya amince da abin da Allah ya faɗa game da laifinsa. A gaban Allah ka amince cewa ka ci amana, amma a gaban abokinka har yanzu labarin ɓarawo ne yake tsaye, saboda haka duk sa'ad da ya miƙo maka hannu kuka gaisa, ƙaryar nan kake sabuntawa.

Littafi Mai Tsarki ya yi magana a kan irin halin da kake ciki kai tsaye. A Littafin Firistoci 6:1-7, wanda ya yaudari maƙwabcinsa game da ajiya an umarce shi ya mayar da abin cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya kuma kawo hadayar laifi. Nassin ya kira wannan yaudara cin amanar Ubangiji, ko da yake mutum aka cuta. Yesu ya bi wannan hanya a Matiyu 5:23-24, inda ya ce wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana game da shi, ya bar baikonsa a gaban bagade, ya je su shirya tukuna. Zakka mai karɓar haraji ma, a Luka 19, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, kuma a ranar ce Yesu ya ce ceto ya zo gidansa.

Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan wanda ake furta wa zunubi. Katolika suna zuwa wurin fada, wato firist, bisa ga Yohanna 20:23, kuma tun babban taron shugabannin ikkilisiya na Lateran a birnin Roma a shekarar 1215 aka wajabta musu yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara. Furotesta suna dogara ga 1 Timoti 2:5 cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato Yesu Almasihu. Amma dukansu sun yarda cewa haƙƙin mutum sai an mayar masa.

A ganina, furci ya kamata ya kai inda laifin ya kai. Mugun tunanin da bai fita daga zuciya ba, tsakaninka da Allah ne. Wannan kuwa ya taɓa dukiyar abokinka, don haka shi za ka samu a keɓe, ba sai ka tsaya gaban jama'a ba. Ka faɗa masa a fili cewa kai ka kashe kuɗin, ka kuma yi masa ƙarya, ba tare da jero uzuri ba. Idan ba ka da su gaba ɗaya, ka tafi da abin da ya samu, ku tsayar da lokacin biyan saura, kuma idan kana tsoron yadda zai ɗauki maganar, ka nemi fasto ko wani dattijon ikkilisiya mai riƙon asiri ya raka ka.

Mai yiwuwa ya yi fushi, ya daɗe bai yafe ba. Kada ka matsa masa da ayoyin gafara. Ka ba shi lokaci, kai dai ka ci gaba da biya a kan kari kamar yadda kuka shirya.