Tambaya da Amsa: Rainon Ɗan Tayin Saniya a Cikin Na'ura Mai Siraran Magudanai

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar kiwon dabbobi a Zariya, kuma gidanmu gidan kiwo ne. An ambata mana a aji cewa masu bincike a ƙasashen waje suna rainon ɗan tayin saniya a cikin wata 'yar na'ura mai siraran magudanan ruwa, maimakon farantin da aka saba. Ina roƙon a bayyana mini yadda take aiki, da abin da ta fi faranti da shi, da kuma ko za ta amfani masu Bunaji a nan kusa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam ɗalibi, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Ba za a gane dalilin ƙirƙiro wannan na'ura ba sai an san inda faranti ya gaza. Maraƙin farko da aka haɗa ƙwansa da maniyyi a ɗakin gwaje-gwaje an haife shi a Amurka a 1981, ƙarƙashin jagorancin Benjamin Brackett. A yau ana zuƙo ƙwai daga jikin saniya mai rai da siririyar allura, ko a samo shi daga mayanka, a bar shi kwana ɗaya ya ƙosa, a haɗa shi da maniyyin bijimi, sannan a ajiye shi kwana 7 a kan ƙaramin farantin gwaji, cikin ɗigon ruwan abinci da aka lulluɓe da mai, a zafin digiri 38.5. Daga cikin ƙwai 100, galibi 30 zuwa 40 ne ke kai matsayin da za a dasa su a mahaifa, kuma waɗanda suka kai ɗin ba sa jure daskarewa kamar waɗanda suka girma a jikin uwa, sun fi saurin zubewa, wani lokaci ma maraƙin yakan yi girman da zai wahalar da saniya wajen haihuwa.

A jikin saniya, ɗan tayi yana yin kwanakinsa huɗu na farko a cikin bututun da ke kai ƙwai mahaifa, inda ruwan ɗan kaɗan ne, yana motsi a hankali saboda bugun wasu ƙananan gasu da matsawar tsoka, sinadaransa kuma suna sauyawa gwargwadon homon ɗin uwa, wato sinadaran da jiki ke fitarwa don tafiyar da aikin gaɓoɓinsa. Ɗigon faranti kuwa tsaye yake, bambancinsu kamar na ƙorama da kududdufi: dattin da ɗan tayi ke fitarwa yana taruwa a gefensa, kuma duk lokacin da ma'aikaci ya fito da farantin don canza ruwa, zafi da tsamin ruwan sukan sauya.

Na'urar da ka tambaya yunƙuri ce ta kwaikwayon wannan bututu. Yawanci ana zuba ta ne da wata roba mai laushi da ake gani ta cikinta, wadda ake kira PDMS, a fitar da magudanai masu faɗin da bai kai milimita ɗaya ba, domin shi kansa ɗan tayin faɗinsa kusan kashi ɗaya cikin shida na milimita ne. A irin wannan ƙunci ruwa yana tafiya a miƙe ba tare da ya dama ba, don haka ana iya sauya abincin ɗan tayi sannu a hankali ba tare da an taɓa shi ba. David Beebe da Matthew Wheeler na Jami'ar Ilinoi suna cikin waɗanda suka fara wannan aiki a wajajen 2000, kuma ƙungiyarsu ta nuna cewa a aladu magudanan suna rage shigar maniyyi fiye da ɗaya cikin ƙwai guda, matsalar da ke lalata ɗan tayi. A Jami'ar Mishigan, Gary Smith da Shuichi Takayama sun yi wata dabara mai burgewa, inda suka yi amfani da 'yan ƙusoshin na'urar karatun makafi suna danna robar daga ƙasa don tura ruwa kaɗan-kaɗan, suka kuma wallafa a 2010 cewa 'yan tayin ɓeraye sun fi kyau a haka. Aikin da ya fi kusa da tambayarka shi ne na Marcia Ferraz da Bart Gadella na Jami'ar Utrecht a Holan, wanda ya fito a 2018. Sun shuka ainihin ƙwayoyin halittar wancan bututu na saniya a cikin na'urar, suka riƙa ratsa musu homon daidai da lokutan zagayowar neman bijimi na saniya, sai suka ga tsarin aikin ƙwayoyin gado na ɗan tayin ya fi kama da na wanda ya samu a jikin uwa.

Sai dai na'urar tana da nata aibu. Robar tana tsotse wasu homon, tana kuma barin ruwa ya tsane ta jikinta har gishirin da ya rage ya yi yawa. Kumfar iska ɗaya tana iya toshe magudana, gudun ruwa idan ya yi ƙarfi yana cutar da ɗan tayi, fitar da shi daga na'urar ma aiki ne. A ganina, babban giɓin shi ne cewa yawancin shaidar daga ɓeraye ne ko daga kwanakin farko na rayuwa, alhali mai shanu maraƙi mai lafiya yake ƙirgawa. Saboda haka kamfanonin Barazil da Amurka, waɗanda su ne kan gaba a 'yan tayin shanu fiye da miliyan ɗaya da ake haɗawa duk shekara a duniya, har yanzu da faranti suke aiki.

Game da Bunaji, abin da zai shafe su nan kusa shi ne ita kanta sana'ar haɗa ɗan tayi, ko da a faranti ne. Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Azawak duk shanu ne masu tozo, dangin Nelore da Gir na Barazil, kuma an tabbatar a can cewa masu tozo sun fi shanun Turai ba da ƙwai a kowace zuƙa. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta daɗe tana ɗura maniyyi da haɗa jinin Firishiyan da Bunaji, kamar yadda tashar Tukunus a Nijar ta daɗe tana zaɓen Azawak, don haka akwai tushen da za a ɗora a kai. Amma aikin yana buƙatar wutar lantarki da ba za ta yanke ba har mako guda, da tukwanen iskar gas, da ruwan naitirojin na adanawa, da kuma shanun goyo masu ƙoshi da za a dasa wa ɗan tayin, waɗanda suka cika kwana 7 da neman bijimi a ranar dashe, abin da ke da wuya a tsakiyar rani. Idan kana son bin wannan fanni, shawarata ita ce ka fara ƙwarewa a aikin faranti da ƙwan da ake samu a mayanka, domin duk wanda zai gwada sabuwar na'ura dole ya auna sakamakonta da na farantin da ya iya sarrafawa.