Idan hankali ya tafi lokacin zaman natsuwa

Malama, kin tambaya ko zaman natsuwarki ya lalace saboda hankalinki yana komawa kan cinikin kasuwar Kejetia da ke Kumasi. Bai lalace ba, domin aikin shi ne ki zauna minti 5 zuwa 10 kina bin shigar numfashi da fitarsa, kuma duk lokacin da tunani ya ɗauke ki, sai ki dawo ba tare da zargin kanki ba.

Na lura cewa mai tsawata wa kansa yakan bar zaman da wuri, saboda haka ki lallashi kanki kamar yadda za ki lallashi ƙanwarki. A nan unguwar Aboabo bayan sallar asuba ya fi dacewa, kafin hayaniyar titi ta tashi, amma idan zaman yana tayar miki da tsohon baƙin ciki, ki dakata ki ga likita.